Hannun Da Na Ɗauka Nasa Ne

"Hasken idona, ina nan kusa da ke... ko motsi ba zan yi ba!"

Wai hasken idona! Mace tana kwance ba ta ganin ko tafin hannunta, amma Mai Turare, saurayin da na kafe sai shi, bai ga sunan kirana ba sai wannan. Ni kuwa sokuwa har wani narkewa nake yi.

Rana ɗaya ciwon ya kayar da ni. Likita ta ce garkuwar jikina ce ta juyo kaina, ta afka wa jijiyoyin ido da na laka. Idanu suka rufe, hannuwa suka yi sanyi, ban da nauyi da ɗumi ba abin da suke ganewa. Da allurai suka gaza, aka koma sauya ruwan jini. Bututu a wuya, na'ura ta ja jinin, ta ware ruwan da ke ɗauke da ɓarnar, ta mayar min da sabo. Yau a yi, gobe a huta.

Da an kunna ta sanyi zai rufe ni, leɓɓana su yi kamar kiyashi na bi. Sai in ji hannu ya lulluɓe nawa.

"Hannunka akwai ɗumi..."

"Naki ne, zuciyata. Har abada!"

Ƙugin na'urar bai barin in gane daga ina murya ke zuwa.

Baba kuwa ko ɗuriyarsa ban ji ba. Tela ne, tun ranar da ya ga Mai Turare ya ce, "Wannan yadin ado ne, wanki ɗaya zai zuba." Ni kuma na ce in ba zai sa albarka ba, kada in ƙara jin muryarsa a zancena.

Wata safiya ana tsakar sauya ruwan jinin, duhun ya fara yayewa. Hazo-hazo tukuna, sai jakar ruwan nan rawaya a rataye, sai taga.

Ban bari kowa ya gane na fara gani ba.

Can jikin tagar ga gogan naku, hankici a hanci, ya juya wa bututun wuyana baya kamar wanda ya ga mushe. Gefensa ɗiyar Goggona da ta zo da sunan jinya, ta manne masa tana nuna masa waya. A kunnenta 'yan kunnen da ya saya min!

To, hannun wa ke kan nawa?

Na sauke ido. Baba ne duƙe a kan 'yar kujera, zare maƙale a hannun rigarsa, leɓɓansa na motsi ba sauti.

Na yi kamar har yanzu ba na gani, na ce:

"Masoyi... matse min hannu, tsoro nake ji."

Baba ya matse.

"Kin ji ko? Ba zan taɓa sakinki ba!" in ji Mai Turare, ko kai bai ɗago ba. Ita kuma ta toshe baki tana dariya.

"Ashe hannunka dogo ne," na ce. "Daga taga har gado!"

Hankicin ya faɗi.

"Ki... kina gani?"

"Tar! Ke kuma cire min 'yan kunnena... a'a, bar su. Na jabu ne, kamar mai sayensu."

"Yaya, wallahi aro na yi..."

"Zuciyata, ki fahimce ni, warin asibiti ne ba na..."

"Mai Turare, likita ta ce abin da ke cutar da ni ake cirewa a zubar. Ga ƙofa can, ita ma ina ganinta."

Suka fita sumui-sumui, ko sallama babu. Ban ji zafi ba, ƙyama kawai na ji, da takaicin hawayen da na ɓata a kan wannan abin.

Baba ya soma zare hannunsa. Na riƙe da ɗan ƙarfin da ya dawo min.

"Baba... kullum kai ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Kana ji yana ƙarya da hannunka ka yi shiru?"

Ya dube ni.

"Kin ce kada ki ji muryata, uwata. Ba ki hana ni riƙe ki ba."

Kuka ya ƙwace min.

"Yi min magana, Baba... ko faɗa ne!"

Ya goge min ido da hannun rigarsa.

"Ai na gaya miki zai zuba."