Wanki Ne, Ba Dashe Ba

Amarya tana durƙushe a gaban surukarta tana ɗiga mata maganin ido, sai Hajiya ta ture hannunta. Kwalbar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin kujera.

"Kada ki ƙara taɓa ni. Ashe abin da kuke ƙullawa ke nan ke da ɗana? Dashen ciki?"

Shekaru sun ja da bikin, amma har yanzu Amarya ake ce mata, don babu ɗan da za a kira ta da sunansa. Sa'o'inta duk sun zama Maman wane da Maman wance. Mijinta, Auta, yana tsaye a bakin ƙofa da baƙin man gareji a hannunsa, kunya ta hana shi ɗago kai.

"Hajiya, ba na wani ba ne," in ji shi. "Nata ne da nawa, likita zai haɗa a asibiti ya mayar mata. Na tambayi limamin masallacinmu, ya ce in dai tsakanin miji da matarsa ne babu laifi."

"Kana wurin za a haɗa? Kwalba tana da bakin da za ta faɗa maka na waye a cikinta? Dashe sai albasa da tumatir. A zuri'ata babu dashe, yadda Allah ya halicce mu haka za mu koma masa. Ranar da ka kai ta asibitin nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba. Ko da yake ba laifinka ba ne, wadda Kirista ta haifa me ta sani game da tsarkin jini?"

Amarya ta laluɓo kwalbar, ta goge ta da gefen zani, ta ajiye a kan tebur. Sai da suka shiga ɗakinsu ta rufe ƙofa sannan ta juyo kansa.

"Ka faɗa mata."

"Haba, Amarya."

"Na ce ka faɗa mata. Idon da take hararata da shi, na waye?"

Ga inda gizo ke saƙar. Shekarun baya idon Hajiya na hagu ya yi fari fat, na dama dama ya daɗe da raunana, har ta daina ganin baƙin Alƙur'ani. Likita ya ce sai an sauya tantanin gaban idon da na wani mamaci da ya bar wasiyya a ba mabuƙata. Auta ya san halin uwarsa, sai ya ce mata wankin ido za a yi, aka yi dashen ba ta sani ba. Tun daga nan Amarya ce ke kai ta asibiti, kuma kullum takan riga ta shiga ta roƙi likitan ya ce wanki.

"In ta sani, sai ta ce a ƙwaƙule shi," in ji Auta. "Ga hawan jini. Don son da kike yi mini, ki rufa mini asiri."

"Ni kuwa wa zai rufa mini? Ana zagin uwata kana kallon ƙasa kamar ka yar da allura."

Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Shi kuma ya zauna a gefen gado yana goge mata hawaye da bayan hannu, ya bar mata baƙin mai a kumatu. Tana son mutumin nan, shi ne abin da ya fi ba ta haushi. Ta yi masa alkawarin ba za ta faɗa ba.

Washegari ta tafi wurin mahaifiyarta neman sanyi, sai ta taras da wata wutar. Mama ta dawo daga coci ke nan, ko ɗankwali ba ta cire ba.

"A haɗa 'ya'ya a kwalba, a zaɓi ɗaya, sauran fa? A zubar a bola? Rai ne fa, yarinya. Lokacin da kika bi addinin mahaifinki ban hana ki ba, amma wannan ban yarda ba. Karo na farko ke nan da uwar mijinki ta faɗi gaskiya."

"Mama, ke ma?"

"Ni ma."

Wai Mama da Hajiya, matan da ko gaisuwa sai an tilasta musu, ranar har waya suka yi wa juna. Amarya ta koma gida tana dariyar da ta fi kuka ciwo.

Abin ya ƙara lalacewa ranar da yayyen Auta mata suka zo gaishe da tsohuwa. Amarya ta kawo musu ruwa, Hajiya ta nuna ta da baki.

"Ga juyar nan. Allah ya hana ta, ita kuma ta ce sai ta ƙwata ta bayan gida."

Amarya ta ajiye ruwan. Maganar ta taso mata tun daga ciki har kan harshe, kalma ɗaya tak, ta gama da tsohuwar a gaban 'ya'yanta. Ta dubi idon nan na hagu, garau da shi, wanda ta yi shekaru tana ɗiga wa magani safe da yamma. Ta haɗiye maganar da ƙyar, kamar an tura mata garwashi.

"Hajiya, gobe ne ganin likitan ido. Zan shirya da wuri."

A asibitin layi ya yi tsawo, kujerun ƙarfe duk a cike. Da aka kira su Amarya ta yi sauri ta riga shiga, amma ba tsohon likitan ba ne, wata matashiya ce mai farar riga, kuma Hajiya tana biye da ita ƙafa da ƙafa. Likitar ta haska idon da fitila ta yi murmushi.

"Ma sha Allah, Hajiya, dashen nan ya zauna daram."

"Wanki dai, 'yar nan."

"A'a, dashe ne. Ga ma alamar ɗinkin nan. Wanda ya bar miki kyautar nan ya yi babban alheri."

Hajiya ta ɗaga hannu a hankali ta dafa fatar idonta.

"Na mamaci?"

"E."

"Musulmi ne?"

"Ba a faɗa mana, Hajiya. Zai iya zama kowa."

Sai da suka fito baranda Hajiya ta damƙi wuyan hannun Amarya.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Jiya ma, da nake ce miki juya, kin sani?"

"Na sani, Hajiya."

"To me ya hana ki jefe ni da shi?"

"Da shi kike karatun Alƙur'ani. Na ji tsoron in na faɗa a cikin fushi ki tsane shi."

Hajiya ta tari mota ta ce a kai su gareji. Auta yana kwance a ƙarƙashin wata mota ya ji an shuri ƙafarsa.

"Fito, maƙaryaci! Ni za ka mayar yarinya? Kuma ka tsaya ƙerere ina yanka matarka da bakina, alhali maganar da za ta tsayar da ni tana cikin aljihunka. Kai ne mijin ko ita?"

Ya durƙusa a cikin man da ya zube yana ba ta haƙuri. Ta ce ba ita zai fara ba wa ba.

Mako guda Hajiya ba ta buɗe Alƙur'ani ba. Daga baya ta sa mayafi ta je wurin liman da ƙafarta, ta tambaye shi hukuncin idon, ta tambaye shi hukuncin cikin. Ya ce mata duka biyun babu laifi. Daga can gidan Mama ta zarce, gidan da rabonta da shi tun ranar ɗaurin aure.

"Na zage ki a bayan idonki, na zo neman gafara," in ji ta. "Wa ya sani ko idon da nake kallonki da shi na ɗan cocinku ne."

Mama ta yafe, amma ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ta yi shawara da fastonsu, ta bi Amarya da Auta asibitin haihuwa ta tsare likita da ido.

"Ba za a zubar da ko ɗaya ba. Ku haɗa iya wanda za ta ɗauka."

Likitan ya ce hakan zai rage sa'a. Amarya ta ce ta yarda.

Karon farko bai kama ba. Amarya ta kwanta tana fuskantar bango, ta ƙi abinci, ta ƙi magana da kowa. Hajiya ce ta zauna a kanta da cokali tana faɗa, wai in ba ta ci ba za ta ɗura mata. A karo na biyu tsofaffin nan suka zauna a benci ɗaya, ɗaya da carbi, ɗaya ta haɗe tafukan hannunta, kowacce tana satar kallon 'yar'uwarta don kada a riga ta gajiya.

Mace aka haifa. Hajiya ta karɓe ta, ta rufe idonta na dama, ta ƙura mata na hagu ta daɗe.

"Kunnen Auta ne sak, Allah sarki 'yar nan. Ni dai Idona zan riƙa kiranta."

Da Amarya ta jefa kalmar nan ranar da aka ce mata juya, da ta ci gardama ta rasa gida. Mahaƙurci mawadaci, kuma wanda zai haramta wa wani magani ya fara tambayar masu sani, ya kuma duba jikinsa tukuna.

Da za su bar asibitin Auta ya ɗauki jaka ya ce, "Amarya, taso mu tafi."

Hajiya ta harare shi da idon nan na hagu.

"Wace Amaryar? Maman Idona za ka ce."