Jan Layi Ta Kwarin Kakana

"Baba, ajiye cokalin nan ka duba mana," in ji Smaranda, 'yata tilo, ta turo min wayar saurayinta har bakin kwanon tuwon masara.

Lahadi ce, ranar da Dorin ya fara zuwa gidanmu da maganar aure. Malamin motsa jiki ne a makarantar gari, dogo, siriri kamar sillen kara. Na riga na yi bincikena: ba ya shan taba, yana kula da uwarsa. Abu ɗaya ne ya dame ni, mutum ya riƙa gudu ba wanda ya koro shi.

"Kowace kaka nakan fitar da sabuwar hanya, Baba Toader," ya ce yana murmushi. "In ganye ya rine, mutanen birni su zo su yi gudu suna kallo. Bana dajinku na zaɓa. Na gama ɗaura jan ƙyalle a itatuwa, ran Asabar mutum arba'in za su zo."

Taswira ce a wayar, da jan layi a kanta. Na bi layin da yatsa. Ya tashi daga bayan coci, ya haye gada, ya hau tudu, ya karya hagu wajen maɓuɓɓuga... ya gangara cikin kwarin da ke bayan tsagaggen dutse.

Na janye yatsana.

A kwarin nan lemar kwaɗinmu take fitowa, mai kaurin gindi, irin wadda ake shanyawa a ci har sanyi ya wuce. Kakana ya gano wurin, ya nuna wa babana, babana bai nuna min ba sai da ya ga na yi hankali. Ƙanena bai sani ba. Aurica matata shekara ashirin da takwas tana soya abin, ba ta san inda yake tsirowa ba. Smaranda kaɗai na taɓa kaiwa, ita ma sai da ta rantse. A ƙauyenmu mutum ya ara maka doki, ya ara maka gatari, amma wurin lemarsa sai ɗan da ya haifa.

Na ɗago ido, ta sunkuyar da kai. Nan na gane abin da ya sa ta turo min wayar. Ita ma ta gani, kuma bakinta a ɗaure yake.

"Hanyar nan ba ta da kyau," na ce.

"Ai nan ne ya fi ko'ina, Baba. Ganyen wurin kamar an kunna wuta."

"Akwai santsi."

"Sau tara na bi, ko zamewa ban yi ba."

"Akwai aladun daji."

"Ko sawunsu ban gani ba."

Sau tara, da waɗannan faffaɗan takalman. In na ce kada ya bi kwarin zai tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne asirin. Da na rasa ta cewa, sai bakina ya zaɓar min wadda ta fi muni.

"To ni ba zan ba mai gudu 'yata ba. Wanda ya saba gudu, wata rana gidan zai gudu ya bari."

Dorin ya ajiye cokali. Ya yi wa Aurica godiyar abinci, ya ɗauki hularsa, ya fita a hankali. Ranar dai bai yi gudu ba.

Kwana uku gidan ba daɗi. Smaranda ta daina ci, in na shigo ɗaki ta fita. Ran Laraba ta tare ni a bakin rumbu, idanunta sun kumbura.

"Ya ce ba zai aure ni ba sai da albarkarka. Baba, ka bar ni in gaya masa, kalma ɗaya ce."

"Kin rantse."

"Ina 'yar shekara goma! Kuma alewa ka ba ni..."

"Rantsuwa ba ta tsufa."

"Saura sati biyar azumin Kirsimeti ya shiga, ka san fadan coci ba ya ɗaura aure a azumi. Ina son shi, Baba. Kai ma ina son ka. Ya kake so in yi da raina?"

Aurica ta leƙo ta taga da ludayi a hannu. "Kai dai tsoho, yaro kamar an wanke shi da madara, me ya yi maka? Kai da ka zo neman aurena ai ko takalmin kirki ba ka da shi."

Sai dabara ta zo min. In hanya ta canza da kanta, ba sai na yi wa kowa bayani ba.

Alhamis da sassafe na hau daji. Ganye ya zuba ja da rawaya har idon sawu, amma ni ba kallo ya kawo ni ba. Na fara kwance ƙyallayen ina cusawa a aljihu don in mai da su ta kan tudu. Na kwance shida, ina kan na bakwai na ji takun gudu a bayana.

Na waiga, Dorin ne. Ban san abin da ya shiga kaina ba, ni mai shekara hamsin da shida, da tumbi, da takalmin gona, na zura a guje gaban malamin gudu.

"Baba Toader, ku tsaya, akwai santsi!"

Ashe da gaske akwai. Ganye ya kwashe ƙafata, na gangara kwarin a zaune, na tsaya a gindin wata itaciya da targaɗe, ƙyallayensa na leƙowa daga aljihuna.

Ya sauko ya same ni. Ya duba ƙafar, ya ɗaure ta da guda biyu daga cikin ƙyallayen, ya durƙusa.

"Ku hau."

"Ba na hawa."

"To sai mu zauna har aladun su iso."

Na hau. Muna tafe ina jin numfashinsa, ko haki ba ya yi. Can ya ce, "In ba kwa so na, na haƙura, ba zan raba ta da ku ba. Amma ku gaya min laifina, ko don in samu barci."

Ina shirin wata ƙaryar sai na hango lemar kwaɗi daidai gaban takalminsa, ƙatuwa, hularta kamar burodin biki.

"Kada ka taka!"

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Magana ta riga ta fita. Na ce ya sauke ni, na share ganye da hannu, ga su nan jere, manya da 'ya'yansu. Na gaya masa na kakana, da na babana, da rantsuwar Smaranda.

Ya dube su, ya dube ni. "Saboda wannan ne ta kwana uku tana kuka?"

"Ba wannan ba ne kawai. Yanzu da ka sani, ba ka da mafita. Bare ba ya sanin wurin nan."

Sai da ya ɗan jima kafin ya gane. Idonsa ya ciko, ya kama hannuna ya sumbata, ya rantse tun ban nema ba. Ya ce hanya za ta bi ta kan tudu, yau ɗin nan zai mai da sauran ƙyallayen.

Da muka gangaro, Smaranda na shanya a tsakar gida. Ta ga ubanta goye a bayan saurayinta, rigar da ke hannunta ta faɗi.

"Je ki gaya wa uwarki ta nemi fada," na ce. "Kafin azumi."

Ta rugo ta rungume mu duka biyu, saura kaɗan mu zube. "Rabin raina," take cewa tana kuka, ban san ko da wa take ba a cikinmu, ban kuma tambaya ba.

Yana sauke ni a kan benci sai ya rage murya. "Baba, ni ma akwai abin da na ɓoye. Kada ya ɓata magana. Ni fa ba na cin lemar kwaɗi. Ko loma ɗaya na kai baki, jikina duk sai ya fashe da ƙuraje."

Na dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ya san wurin, ga ƙafar da za ta kai shi ya dawo kafin shayi ya huce, ga bayan ɗaukar kwando, kuma ba ya ci.

"Aurica," na ɗaga murya, "ki ce wa fada in zai iya ɗaura auren Lahadin nan, muna so."