Sallamar da Hedifon Ya Cinye

Ranar da ta fara shiga shagon, ba soyayya ce ta kai ta ba, ciwon kai ne. Ta ciro hedifon daga jaka, irin babban nan mai igiya da ke rufe kunne ruf, ta ajiye a kan teburin.

"Malam, ko ka gyara min shi, ko ka nuna min kwandon shara."

Mai gyaran ya ɗago daga rediyon da ya buɗe a gabansa. Dogon saurayi ne marar hayaniya, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Ya jona hedifon a wayarsa, ya saurara, ya cire.

"Lafiyarsa ƙalau. Me ya yi miki?"

"Matse min kai yake yi. A ofishin masu zanen gidaje nake aiki, wuni nake yi da shi a kunne. Kafin la'asar nan wajen kamar an ɗaure da ƙyalle." Ta nuna gefen kanta.

Ya dube ta. Ba idonta ya duba ba, hannun gilashinta ya duba.

"Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Sosonsa ya tsufa ya yi tauri, yana danne hannun gilashin a kan ƙashi. Kuma inda gilashin ya ɗaga soson iska na shiga, kiɗa mai nauyi ya zube, shi ya sa kike ta ƙara murya."

"Wa ya ce maka ina ƙara murya?"

"Duk mai gilashi yana yi."

Ya canza soson da wani mai laushi da kauri, ya buɗa ƙarfen saman a hankali don ya rage matsi, ya miƙa mata. Da ta ɗora, ƙarar janaretan maƙwabta da hon ɗin motoci suka ja da baya kamar an rufe ƙofa. Ta kunna waƙar da ta sani tun tana makaranta, sai ga shi ta ji mawaƙiyar ta ja numfashi kafin ta fara, abin da ba ta taɓa ji ba. Murmushi ya kuɓuce mata. To, daga nan shi ma nasa ciwon ya soma, kuma ba a kai ba.

"Wannan mai rufaffen baya ne," ya ce da ta sauke. "Abin da ke ciki ba ya fita ya dami na kusa da ke, na waje kuma da ƙyar yake shiga. A ofis shi ya dace. Amma don Allah kada ki tsallaka titi da shi."

Ta dawo bayan 'yan kwanaki wai igiyar tana lanƙwashewa. Igiyar ba abin da ya same ta, shi ma ya sani, amma ya duba ta da natsuwar likita. Ta sake dawowa da na ƙanwarta, wanda gaskiya bai cancanci gyara ba. Daga nan aka daina wahalar da kayan mutane, aka karɓi lambar waya.

"Injiniya, yau na wuni da shi kaina bai ce uffan ba. Har oga ya kira ni ban ji ba. Na gode."

"'Yar Gilashi, ni kuwa yau na ƙona yatsa ina tunanin ko soson ya yi miki daidai. Idan aka tambaye ni, ke zan nuna."

"To ka daina tunanina a wajen aiki."

"Ki faɗa min inda ake kashewa, na duba ban ga maɓallin ba."

Ba a rasa mai so ya shiga tsakani. Akwai ɗan Gwaggo, ma'aikacin banki, yaro mai ƙamshin turare da mukullin mota a yatsa. Da ya ji tana son kiɗa sai ya kawo mata wasu 'yan ƙananan na cusawa a kunne, farare marasa igiya, a cikin ɗan akwati. Ta gode masa, ta gwada. Ɗaya ya yi ta zamewa daga kunnenta, caji kuma ya ƙare ana tsakiyar waƙa. Ta mayar da su akwatinsu ta ajiye a kan kabad ɗin falo. Gwaggo kuwa ba ta ajiye maganar ba, kullum tana bugo wa Umma waya.

Da maganar mai gyara ta isa kunnen Abba, bai ɗaga murya ba. Abba tsohon ma'aikacin gidan buga littattafai ne. Rayuwarsa ya ƙarar a cikin ƙarar injina, shi ya sa yanzu idan ya kunna tsohuwar rediyonsa mai kaset har tagogi sai sun amsa. Mutum ne mai gaskiya, mai kuma taurin kai daidai gwargwado.

"Ni ba na tambayar abin da yaro yake da shi," ya ce wa Umma. "Ladabi nake dubawa. Zan je in gan shi da kaina, kuma kada wanda ya gaya masa."

Ya je da hantsi. Ya tarar da saurayin ya ba ƙofa baya, wani hedifon da aka kawo gyara a kansa, yana murza igiyar a hankali yana neman inda sautin kunnen hagu yake yankewa. Abba ya yi sallama. Shiru. Ya sake, ya ƙara murya. A daidai lokacin sautin ya sake yankewa, saurayin ya ja tsaki, ya girgiza kai, bai waiwayo ba. Abba ya tsaya ya dubi ƙeyar nan da kyau, ya gyara hularsa, ya juya.

A gida ko zama bai yi ba ya yanke magana.

"A bar zancen yaron nan. Na yi masa sallama, tsaki ya mayar min. Wanda ya yi wa baƙo haka, me zai yi wa matarsa?"

Ta ɗauki waya ta rubuta wa saurayin.

"Abba ya zo shagonka yau. Me ka yi masa?"

"Wane Abban? Wallahi babu dattijon da ya shigo min yau."

"Wato mahaifina ƙarya yake yi ke nan."

Ya kira ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, ta kashe wayar. Ranta ya ɓaci da gaske, don tana son shi kuma ba ta taɓa jin Abba ya ƙirƙiri magana ba.

Washegari mai sayar da batura na kusa da shi ya leƙo yake cewa, "Jiya wani dattijo mai farar hula ya daɗe a ƙofarka yana sallama, ya tafi ransa a haɗe. Na ɗauka kun yi faɗa ne." Saurayin ya dubi hedifon da ke rataye a ƙusa, ya zauna a kan kujera, ya ɗauki waya.

"'Yar Gilashi, Abba gaskiya ya faɗa, ni ma ban yi miki ƙarya ba. Ya zo, ina gwajin hedifon irin naki, na ba ƙofa baya. Tsakin da ya ji da igiya nake yi. Ni da na gargaɗe ki kada ki tsallaka titi da shi, ga shi ni ya buge. Ki yafe min, ki kuma roƙa min izini in zo in durƙusa."

Ta karanta, ta gane nan take, don ita ma ogan ofis ya sha tsayawa a kanta yana magana da iska. Ta amsa masa, "Na yafe, Injiniyana. Amma Abba ba ni ba ne."

Haka kuwa aka yi. Ya zo gidan da yamma cikin tufafinsa masu kyau, ya tsaya a ƙofa har ƙafarsa ta gaji, Abba ya aiko a ce masa ya gode, ya koma. Umma ta gwada yi wa Abba bayani.

"Alhaji, abin nan fa toshe kunne yake yi."

"Wane irin abu ne zai hana mutum jin sallama? Ni a cikin injina na yi aiki, ana kirana ina amsawa. Uzuri ne kawai." Ya ƙara da cewa ya kira yayansa, Baba Babba, ya zo ranar Asabar a duba maganar ɗan Gwaggo. Ba zai yi mata dole ba, in ji shi, amma mai gyara kam ta cire shi daga rai.

Ta daina jin kiɗa. Hedifon ɗin ma ta daina zuwa da shi ofis, ta bar shi a kan teburin falo, igiyar a naɗe. Abinci sai Umma ta tsaya a kanta.

Ranar Asabar da safe Abba ya kunna kaset ɗinsa yana jiran yayansa, falon ya ɗauka. Umma ta fito daga kicin ta dafe kai.

"Alhaji, kaina zai tsage. Ga abin kunne nan birjik a gidan, ka taimaka mana."

Ta fara ɗauko fararen ɗan Gwaggo. Aka juya rediyon gaba da baya, babu inda za a haɗa su, don rediyon ta girme su nesa ba kusa ba. Sai ta ɗauko mai igiyar, bakinsa ya shige ramin da ke gefe kamar don shi aka yi. Ko da gangan ta yi, ko ba da gangan ba, Umma ba ta taɓa faɗa ba.

Abba ya ɗora yana gunaguni. Gunagunin bai yi nisa ba. Soson ya zauna masa a kunne ba nauyi ba zafi, sai ga muryoyin 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya, ga wata 'yar ƙararrawa can bayan ganga wadda rabonsa da jin ta tun yana saurayi. Shi duk zatonsa kaset ɗin ne ya tsufa. Ashe kunnensa ne ya gaji, abin da yake ta ƙin yarda da shi. Daɗi da tausayin kansa suka kama shi lokaci guda, ya lumshe ido, ya jingina.

Baba Babba ya iso da sandarsa. Ya yi sallama daga ƙofar falo. Ya sake. Ya shigo har tsakiyar ɗaki ya kuma yi, ƙaninsa na zaune ido rufe yana kaɗa kai. Dattijon ya sa hannu ya ɗaga kunnen hedifon ɗaya.

"Yaushe ka girme ni ban sani ba?"

Abba ya zabura ya miƙe, igiyar ta fizgo rediyon, bakin ya tsinke.

"Yaya, wallahi ban ji ba."

"Ba ka ji ba? Ina tsaye a kanka kamar mai neman aiki."

"Wallahi ko motsinka ban..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi abin da ke hannunsa. Ya san 'yarsa na tsaye a bakin labule, bai iya duban ta ba.

"Yaya, zauna a kawo maka ruwa. Maganar da na kira ka a kanta, a dakata. Akwai inda zan je yanzu."

A shagon, Abba ya tarar saurayin ya juya teburin aikinsa yana fuskantar ƙofa. Kafin Abba ya rufe baki da sallama ya amsa, ya zagayo ya durƙusa.

"Tashi," in ji Abba. Ya ajiye hedifon a kan teburin. "Na tsinke wa 'yata igiya. Zai gyaru?"

"Zai gyaru, Abba. Amfanin mai igiya ke nan, baki kawai za a canza."

"To. Na biyu, na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba. Yau abin ya faru da ni a gaban yayana. Ka yafe min."

"Abba, ni ne da laifi. Mai shago ba ya ba ƙofa baya."

"Wannan kuma gaskiya ne, kada ka ƙara. Ka turo manyanka." Ya juya zai fita, ya tsaya. "Irin wannan, akwai wanda zai yi wa kan tsoho daidai?"

Kafin Abba ya isa gida saƙo ya riga shi.

"'Yar Gilashi, murna ta sa na kasa riƙe ƙarfen dalma. Abba ya ce in turo."

"Na sani tun da na ga ya fita da sauri ko agogo bai ɗaura ba. Ina sonka, Injiniya. Ka natsu kada ka ƙona shagon kafin a ɗaura."

Gwaggo ta yi fushinta na 'yan makonni, ta huce, ranar biki ita ce a gaba wajen rabon abinci. Ɗanta ya zo ya yi wa ango murna, har ya tambaye shi ko zai duba masa sifikar mota. Aka ɗaura aure lafiya, 'yan ofishinsu da masu shagunan layinsa suka cika gidan.

Da za a tafi da amarya, Abba ya sa aka kira su biyun falo. Ta durƙusa a gabansa tana kuka, ya dafa kanta.

"Saura kaɗan in raba ki da alherinki saboda abin da ban tambaya ba. Wannan ya tsaya min a rai. Ku kada ku yi irin nawa. Idan ɗayanku ya kira bai ji amsa ba, ya matsa kusa ya duba tukuna kafin ya yi fushi." Ya kama hannunta ya sa a na mijinta. "Ga ta nan, na ba ka da zuciya ɗaya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci gidanku."

Ango ya matso dab da kunnen dattijon ya ce amin, da ƙarfi, don ya tabbata ya ji.