Adireshin da Ke Ƙasan Shafi

A zamanin da sai mutum ya je shago ake buga masa takarda, Crisanto ya shigo shagon Mang Berting a Manila, rungume da labarin fim da ya rubuta da hannu. Luningning, 'yar mai shagon, ita ce a gaban kwamfuta. Kallo ɗaya ta yi masa ta sunkuyar da kai.

"Shafin farko nake so a ƙawata," in ji shi. "A sa furanni da jan rubutu."

Ta ce, "Katin biki ka kawo ko fim? Masu fim na ganin fure za su wurgar. Sunan labari a tsakiya, naka a ƙarƙashinsa, adireshi can ƙasa a hagu, shi ke nan. Ina ne adireshin?"

Ashe bawan Allah a ɗakin injin silimar da yake aiki yake kwana. Ba ta shawarci kowa ba ta buga adireshin shagon babanta.

Daga nan fa sai saƙonni.

"Ningning tawa, yau sau huɗu na haska fim, ke kaɗai na gani."

"Daɗin baki! Ka dai ci abinci, Santo?"

Da maganar aure ta taso, Mang Berting kuwa ya ce sam. "Ga Rodel likitan haƙori da gidansa. Wannan ko wasiƙa ba ta san inda za ta same shi ba!"

Wata uku kamfanin fim da aka aika wa labarin shiru. Sai ga saƙo daga Santo: "In Asabar ta yi babu amsa, zan koma ƙauye noman kwakwa. Ba zan ɓata miki ƙuruciya ba."

Ningning ta yi kuka har ta gaji, ba ta san amsar kamfanin ta kwana huɗu a aljihun babanta ba. Ranar Juma'a tsohon ya kasa jure ganin jajayen idanunta, ya ce a kira masa Santo. Da Santo ya zo, tsohon ya dangwarar da ambulan a tebur.

"Wai suna son labarinka. Wa ya sa adireshina?"

"Ni ce, Baba," in ji Ningning.

"Shekara talatin ina buga takardu, ƙarya ba ta taɓa fita daga shagon nan ba. Yanzu ga kamfani guda ya ɗauka nan yaron nan yake zaune." Ya harari Santo. "Akwai ɗaki a sama, sai ka tare, ƙaryar ta zama gaskiya. Amma ba na ajiye gwauro kusa da 'yata. Turo iyayenka."

A Disamba aka ɗaura auren a coci, aka ci taliya aka yi rawa. Tsohon ya dafa kawunansu yana ɓoye hawaye, ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya bar ku tare."

Yanzu shagon ya daɗe da rufewa, Mang Berting ma ya kwanta dama. Santo ya rubuta fim goma sha bakwai, kuma har yau Ningning ce ke buga masa shafin farko. Bai taɓa barin ta canza adireshin ba.