Kaset ɗin Farko na "Dawo Gida, Jiya"

Washegarin sadakar bakwai ta mawaƙi Ndaman, ɗansa Zikrullahi ya buɗe adakar marigayin a gidansu na Sabon Gari, ya tarar babu kaset ɗin farko na "Dawo Gida, Jiya". A Minna ba a tashi daga biki sai an taka wannan waƙa ta kiran wani mai suna Jiya, wanda kowa ya ɗauka saurayi ne. Ndaman ya buga ta a faifai da jita, 'yan coci suka sa mata ganga, yanzu samari sun cika ta da ƙarar inji. Gidan rediyo ya shirya sa asalinta ranar Asabar.

Zikrullahi ya kai ƙara, Sufeto Rashidatu ta zo ta duba adakar. Ba a fasa kwado ba, ba a taɓa agogon marigayin da ke ciki ba. Kaset-kaset fal, duk ba rubutu, guda aka zare.

"Ya aka bambanta shi?"

"Baba ya ɗaure shi da jan zare," in ji Zikrullahi. "Ni kaina ban taɓa jin sa ba."

Ta cire shi daga zargi: shi ya gayyato 'yan rediyo. Ta nufi wajen wani dattijo mai suna Kudu, tsohon makaɗin Ndaman, wanda ya makance shekara da shekaru.

"Baba, kai ka yi kiɗan ranar?"

"Wane kiɗa, 'yata? Dutsen niƙa ne kawai da muryar mace. Ndaman ya ɗora rikoda kan katangar maƙwabciyarsa, matar ba ta sani ba. Da ya tsufa ya nemi gafararta, ya nuna mata kaset ɗin."

Rashidatu ta koma, ta tsallaka gidan maƙwabtan marigayin. Magdalina, tsohuwar da ta kwana bakwai tana taya girkin makoki, tana zaune, jar ƙasa maƙale a fartanyarta.

"Mama, adakar tana ɗakin da mata suka zauna, mabuɗi a rataye. Ban da Zikrullahi, rayayyu biyu suka san zaren, ɗaya makaho ne. Kuma ke ba ki da gona."

Tsohuwa ba ta musa ba.

"Jiya ba saurayi ba ne. Yarona ne, ƙyanda ta ɗauke shi. Kukana suke rawa da shi tun ina da haƙora. Wannan kam ba za su ji ba."

"Ina kaset ɗin yake?"

"Na kai masa kabarinsa a garin Paiko, na binne. Yana gefen kansa."

Rashidatu ta ji zuciyarta ta karye. Ta dawo ta gaya wa Zikrullahi komai, ta ce in yana son kayansa, sai an tone kabarin yaro. Ya janye ƙara.

Ranar Asabar rediyo ya sa wadda Ndaman ya buga a faifai. Aka yi ta rawa a layin, Magdalina ta rufe tagarta.