Waƙafi da Jan Biro

Da safiyar Talata aka kira Sufeto zuwa sashen horar da malaman Turanci na jami'a. Fayil ɗaya ya ɓace daga kabad, kuma mai shi, wata ɗalibar ajin ƙarshe da ake kira Uwar Biyu, tana zaune a bakin ofis.

"Me ke cikinsa?" Sufeto ya tambaya.

"Tsarin darasina na mako goma sha biyu, Yallaɓai, da makin gwajin koyarwa. Jibi mai tantancewa zai zo daga wata jami'a. In babu fayil, sai na maimaita shekara."

Sakatariyar sashen ta rantse makullin kabad ɗin bai taɓa barin jakarta ba. Sufeto ya ɗaga na'urar buga takardu, sai ga makulli kwance a ƙarƙashi. Ta zaro ido.

"Wallahi lokacin cin abinci kawai nake ajiye shi nan."

"Wa ya sani?"

"Malamai duka."

To, ga tsaro! Sufeto ya buɗe kabad ɗin. A jikin ƙofar daga ciki an manna jerin fayiloli da Turanci, kuma wani ya saka waƙafi da jan biro a layi na biyu, ya zagaye shi, ya ja masa ɗan wutsiya.

"Yaushe kika manna wannan?"

"Jiya da ƙarfe goma. Babu jan nan a lokacin."

Malamai huɗu ne a sashen, duka da jan biro a aljihu. Uku sun amsa sun shiga ofis jiya. Dakta kuwa, wanda ke duba aikin Uwar Biyu, ya ce tun Juma'a rabonsa da wurin.

"Yarinyar nan kamar 'yata take," in ji shi. "Abin ya girgiza ni."

Sufeto ya rubuta jawabin kowa da Turanci, ya tsallake waƙafi ɗaya da gangan, ya ce su sa hannu. Uku suka sa suka tashi. Dakta ya karanta, ya yamutsa fuska. Kafin ya ankara hannunsa ya zaro biro, ya saka waƙafin, ya zagaye, ya ja wutsiya.

Sufeto ya ajiye jerin kusa da jawabin. Sakatariya ta dafe ƙirji.

"Dakta, ka shiga sata, amma ka kasa wuce kuskure?" in ji Sufeto.

Gumi ya karyo masa. A bayan motarsa aka sami fayil ɗin, tare da rubutun sabon littafinsa na neman ƙarin girma. Dabarar da Uwar Biyu ta ƙirƙiro ta koya wa 'yan sakandare karatu da takardar bayanin magani, ita ce babi na uku, kalma da kalma. Mai tantancewar da zai zo kuwa shi ne ke duba littafin.

"Da ya ga fayil ɗin, na kaɗe," Dakta ya ce. "Na ce shekara ɗaya ce kawai za ta rasa."

Wani kofur da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa. Uwar Biyu ta miƙe, ta rungume fayil ɗinta, hawaye na zuba.

"Malam," ta ce, "da ka tambaye ni, wallahi da na ba ka."

Dakta bai iya ɗaga kai ba har aka sa shi a mota.