Maɓallan Shalele

"Malama, 'yata ba daƙiƙiya ba ce."

Da wannan ya fara, ko sallama bai ƙarasa ba. Malama ta ɗago daga tattara kayan wasan yara, ta ga wani dogo a bakin ƙofar aji, tef ɗin awo rataye a wuyansa. A bayansa ga Shalele, ɗalibarta 'yar shekara biyar da ba ta cika magana ba, ta ƙanƙame masa ƙafa.

Ta ce babu wanda ya kira ta haka. Sai ya sauke murya. Shi tela ne, kullum in ya tashi daga shago yakan zaunar da yarinyar ta maimaita ɗaya zuwa ashirin, ita kuwa da ta kai bakwai sai kuka. Tun rasuwar mahaifiyarta shi ne uwa shi ne uba, ya rasa inda yake kuskure.

Haushin da ya taso wa Malama ya bi iska. Ta ce ya zo zaman da take yi da iyaye ranar Asabar.

Ya zo kuwa, shi kaɗai namiji, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kan 'yar kujerar yara, iyaye mata sai ƙunshe dariya suke. Malama ta yi musu bayani cewa ƙaramin yaro ba da hadda yake gane lissafi ba. A ba shi abin da zai taɓa, cokula ko takalma, ya jera, ya ware manya da ƙanana, in ya yi kuskure a bar shi ya sake. Ta juyo kansa.

"Kai da shagonka ke cike da maɓallai, me kuma kake nema?"

Ya dafe kai. "Kin ga, ni da su nake wuni, amma ban taɓa..."

Ba a jima ba, wata rana tana wucewa gida ya fito da gudu ya tare ta, har yana tuntuɓe. A ƙasan teburin yanka ta tarar da Shalele ta baje maɓallai, jajaye gefe, farare gefe, tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce bakwai ko gezau, har sha huɗu.

"Baba, jajayen sun fi yawa!"

Don murna ranar Tela ya ɗinke bakin aljihun wandon wani bawan Allah. Malama ta yi dariya har da hawaye, ta koma gida zuciyarta na tsalle kamar ta yarinya.

Daga nan hanyar gidanta ta koma ta ƙofar shagon. Su ƙirga ƙwaryar zare, su auna tsawon Shalele da tef. Rannan, bai ko ɗago daga kan keke ba, ya ce da ita:

"Malamata... ni fa idan ba ki biyo ba, ɗinki ba ya yi mini kyau."

Ta sunkuyar da kai, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

Sai dai da Tela ya nemi auren Malama, mahaifiyarta, Mama, ta ce sam. Ba ta ƙi shi don komai ba, tsoro take ji wa tilon 'yarta. Yarinyar da ke son ki a aji, in ji ta, gobe a gida ita za ta dube ki ta ce ke ba uwarta ba ce. Malama ba ta iya saɓa wa mahaifiyarta. Ta canza hanya, ta rame, abinci ma sai an matsa mata. Da Mama ta gaji da ganin haka, ta ce a kawo mata Tela da 'yarsa ta gani da idonta.

Suka zo. Tela ya durƙusa yana gaisuwa, gumi na keto masa. Mama ta jawo yarinyar kusa.

"An ce kin iya ƙirga. To, ku nawa ne a gidanku?"

Shalele ta ɗaga yatsu uku, ta lanƙwashe ɗaya a hankali. "Da mu uku ne. Ummata ta tafi wurin Allah, saura biyu."

Yarinyar ta waiga ta dubi Malama, ta ɗago wani yatsan daban, ba wanda ta lanƙwashe ba.

"In Malama ta zo, uku."

Mama ta daɗe tana kallon ɗan hannun nan. Sannan ta ce, "To ni fa, ƙawata? An bar ni a waje?"

Shalele ta yi nazari, ta miƙe ƙaramin yatsanta. "Huɗu. Amma kujerunmu uku ne."

Mama ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta rungume ta. Ta dubi Tela ta ce ya tashi haka nan, ya je ya nemo kujera ta huɗu, kuma kayan amarya kada ya kuskura ya ba wani ɗinkinsu.

Malama ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗaki, Shalele ta zame daga jikin Mama ta bi ta a guje.